Ƙwaƙwalwar ɗana ta zazzago ta gindin ƙoƙon kai: a yi tiyata ko a jira?

"Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Mabera, cikin garin Sakkwato. Ɗana shekararsa bakwai. Wajen wata takwas ke nan yana kukan ciwon kai ta ƙeya. In ya yi tari ko ya yi dariya sosai sai ya dafe ƙeya ya tsaya cak, can kuma abin ya sake shi. Mun yi maganin zazzaɓi da na taifot har mun gaji. Daga baya aka yi masa hoton MRI na kai, aka ce wani ɓangare na ƙwaƙwalwarsa ya sauko ƙasa da milimita 9, aka rubuta Chiari a takardar. Wani likita ya ce a yi tiyata, wani ya ce a jira. Kakarsa kuma ta ce ba mai taɓa mata kan jika. Don Allah abin nan ƙaruwa yake yi? Ƙwaƙwalwar za ta ci gaba da zazzagowa ne? In ba a yi tiyatar ba me zai faru, in kuma an yi, me za a yi masa a ciki?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya, ya ba ku ladan jinya. Tambayoyi uku na gani a cikin saƙonki: ko lalurar tana ƙaruwa, wane yaro ne ke bukatar tiyata, da kuma abin da muke yi in mun shiga. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma bari in fara sauke miki wani nauyi. Lamba 9 ɗin da ke takardar ba ita ce ke yanke hukunci ba. Na ga yaro mai milimita 15 yana guje-guje lafiya lau, na ga mai 6 wanda hannunsa ya fara rauni. Abin da muke dubawa shi ne halin da yaron yake ciki, da kuma ko ruwan ƙwaƙwalwa yana samun hanyar wucewa ta ƙeya. Likitocin nan biyu da suka saɓa, kowanne yana da hujjarsa, kuma akwai gwaji ɗaya da ban ga kin ambata ba wanda sau da yawa shi ke raba gardamar.

Abin da ke faruwa a ƙeya

A gindin ƙoƙon kai akwai babbar kafa, ta nan ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da lakar da ke bin cikin ƙashin baya. Daidai saman kafar nan, ta baya, ƙaramar ƙwaƙwalwa take zaune, wadda ke kula da daidaituwar tafiya da saita motsin hannu. A ƙasanta akwai wasu 'yan leɓatu biyu. A takardar hoton za ki ga an kira su tonsil, kuma sunan nan yana rikita iyaye ƙwarai. Ba su da wata alaƙa da hakin wuya ko belu, sunan Turanci ne kawai ya zo ɗaya, don haka kada wani ya ce a kai yaro wurin wanzami a cire. A yawancin mutane leɓatun nan suna tsayawa a saman kafar. Idan suka sauko cikinta da milimita 5 ko fiye, mai karanta hoto zai rubuta Chiari, ana furta shi Kiyari. Sunan wani likitan binciken gawa ne ɗan ƙasar Ostiriya, Hans Kiyari, wanda ya bayyana lalurar a 1891 lokacin yana aiki a birnin Firag.

Mafi yawan lokuta ƙwaƙwalwar lafiyarta ƙalau, ɗakin da take ciki ne ya yi mata kaɗan. Ƙashin ƙeya bai yi faɗin da ya kamata ba tun ana halittar yaron, ƙwaƙwalwa ta girma daidai girmanta, sai ta nemi inda za ta raɓa, kafar nan kuma ita ce kaɗai ƙofa. Ba faɗuwa ce ta jawo ba, ba wani abin da kika ci ko kika sha da cikinsa ba ne, kuma ba ciwon daji ba ne.

Matsalar tana zuwa ne ta wajen ruwa. Ƙwaƙwalwa da laka suna iyo ne a cikin wani ruwa garai-garai, wanda jikin babban mutum ke samar da kusan rabin lita nasa kullum. Duk bugun zuciya ɗaya jini yana shiga cikin kai, kuma tunda ƙoƙon kai ba ya buɗewa, dole ɗan ruwa ya sauka ta kafar nan zuwa baya, sannan ya dawo. Haka yake kai-da-komo dare da rana. To leɓatun nan sun zauna a bakin hanya kamar toshiya a wuyan kwalba. Idan yaro ya yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko nishi a bayan gida, matsin da ke cikin kai yana tashi farat ɗaya, ruwa ya rasa hanya, leɓatun su ƙara cushewa cikin kafar. Shi ne ciwon da yake dafe ƙeya dominsa, mai zuwa kamar an buga guduma, ya yi 'yan daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci ya wuce. Yadda kika siffanta ciwon ɗanki ya dace da wannan sosai, kuma wannan siffar ta fi mini lamba 9 muhimmanci.

Irin na ɗanki shi ake kira nau'i na ɗaya. Akwai nau'i na biyu, na jariran da ake haifa da ƙullutu a gadon baya, zan taɓo shi a ƙasa domin muna ganinsa da yawa a nan. Na uku da na huɗu ba safai ake cin karo da su ba, kuma ba su shafe ki ba.

Ƙaruwa yake yi?

Kalmar zazzagowa tana sa uwa ta ɗauka ƙwaƙwalwar za ta yi ta sulalewa ƙasa kowace shekara har ta ƙare a wuya. Ba haka abin yake ba. A yawancin yaran da aka bi shekara da shekaru ana maimaita hoto, leɓatun suna nan inda aka same su. A wasu ma sukan ɗan koma sama yayin da ƙoƙon kai ke girma. Kaɗan ne suke ƙara sauka, kuma ko a cikinsu, milimita ɗaya ko biyu tsakanin hoto da hoto na iya zama bambancin wanda ya auna ne ko yadda yaro ya kwanta a cikin na'ura.

Ki kuma sani lalurar ba baƙuwa ba ce kamar yadda ake zato. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2000, an duba hotunan MRI na mutum sama da 22,000, aka sami 175 da leɓatunsu suka sauka fiye da milimita 5, wato kusan mutum ɗaya cikin ɗari ke nan, wasunsu kuma ba su da wata alama ko ɗaya. Tun da na'urar MRI ta yawaita, yara da dama ana gano musu ne ba zato ba tsammani: an yi hoto saboda farfaɗiya ko faɗuwa daga babur, sai aka gani. Irin waɗannan, in ba su da alama kuma lakarsu lafiya, ba ma taɓa su. Mukan bi su a asibiti kawai, kuma mafi yawansu haka suke girma ba tare da wuƙa ta taɓa su ba.

Abin da kan iya ƙaruwa, wanda ni shi ne ke hana ni sakin jiki, yana cikin laka ne. Idan hanyar ruwa ta daɗe a toshe, kowane bugun zuciya leɓatun suna dannan ruwan da ke kewaye da laka, sannu a hankali ruwa ya taru a tsakiyarta ya yi kogo. A takarda ana rubuta shi syrinx ko syringomyelia. Kogon nan yana faɗaɗa ne daga ciki, yana matse jijiyoyi, kuma jijiyoyin da ya fara ci su ne masu kai saƙon zafi da sanyi da ciwo daga hannuwa da kafaɗu. Shi ya sa yake ɓarna a ɓoye, domin abin da yake fara ɗaukewa shi ne jin ciwon kansa.

Ba na manta wata yarinya 'yar shekara 12 da aka kawo mana daga wani ƙauye ta hanyar Illela. Ba ciwon kai ya kawo ta ba. Mahaifiyarta ce ta lura tana sauke tukunya daga murhu da hannun hagu ba tsumma, yatsun duk tabon ƙuna, ita kuma ko a jikinta. Har ana yaba mata da juriya. Da na ɗaga rigarta sai ga ƙashin baya ya karkace, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, naman tafin hannun ya fara zubewa. Hoton ya nuna kogo tun daga wuya har tsakiyar baya. Mun yi mata tiyata, kogon ya motse, karkacewar ta tsaya, amma jin zafi a yatsu biyu bai dawo ba, kuma ba na sa ran zai dawo. Tiyata tana tsayar da ɓarna, tana sauƙaƙa ciwo, amma jijiyar da ta riga ta mutu ba ta tashi. Saboda irin wannan yarinyar ne ba na yarda a ce wa uwa "a jira" alhali ba a leƙa lakar ba.

Alamomin sun danganta da shekaru. Yaro ɗan ƙasa da shekara uku ba zai ce ƙeyarsa na ciwo ba. Sai dai ki ga yana yawan ƙwarewa in yana shan ruwa ko kunu, yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa a barci, muryarsa ta dushe, ko yana kuka yana banƙarewa yana kai hannu ƙeya. Waɗannan na nuna an matse tushen ƙwaƙwalwa, inda cibiyar numfashi da haɗiya take. A yaran da suka kai shekarun ɗanki, ciwon ƙeya da na wuya ne kan gaba, sai karkacewar baya, jiri, tangaɗi a tafiya, rawar ƙwayar ido, da raunin hannu, kamar a ga rubutunsa ya lalace ko ɓalla maɓallin riga ya fara yi masa wuya.

Abin da zan nema kafin in ce a yi ko a bari

Na farko, hoton MRI na laka gaba ɗaya, daga wuya har ƙugu. Kin ce na kai aka yi. Hoton kai yakan kama saman wuya kaɗan, kogon kuwa yana iya zama ƙasa da inda hoton ya tsaya. Na san kuɗin MRI ba ƙarami ba ne a halin da ake ciki, kuma na sha ganin iyali sun sayar da akuya ko hatsi don hoto ɗaya. Amma in kuɗin abu ɗaya kawai kuke da shi yanzu, a nan ya kamata ya tafi. Hoton CT ba zai maye gurbinsa ba, shi ƙashi ya fi gani. Hoton na ƙasa kuma zai nuna ko ƙarshen lakar ya maƙale a ƙugu, wanda shi ma wata matsala ce mai maganinta daban.

Na biyu, a sake duba hoton kan da kyau don a tabbatar ba wani abu ne ke turo ƙwaƙwalwar daga sama ba. Taruwar ruwa a cikin kai, ko ƙari, ko haɗewar ƙasusuwan kai da wuri, duk suna iya tura leɓatun ƙasa. Idan ruwa ne ya taru, shi ake fara magancewa, ko da 'yar robar da ke kai ruwa ciki wadda muke kira shant, ko ta huda masa sabuwar hanya da na'urar leƙe, sau da yawa kuma leɓatun sukan sami sauƙi da kansu. Wanda ya buɗe ƙeya ya bar ruwa a sama ya ɗauko wa yaro haɗari.

Na uku, gwaji da hannu, wanda ba na'urar da ke maye gurbinsa. A duba ƙarfin yatsu, a gwada jin tsini da sanyi a kafaɗu da hannuwa, a buga gwiwa, a leƙa cikin ido da maƙogwaro, a sa shi ya sunkuya a duba miƙewar bayansa, a kalli tafiyarsa. Ke ma akwai aikinki: ki kwana kusa da shi dare biyu ko uku ki saurari numfashinsa. In yana minshari yana yin shiru na ɗan lokaci sannan ya ja numfashi da ƙarfi, ki ɗauka da waya ki nuna wa likita. Ki kuma sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo, me yake yi lokacin, a ina ya dafe, da tsawon lokacin da ya ɗauka.

Wannan littafin yana da dalili. A farkon aikina na yi wa wani yaro tiyata saboda ciwon kai da hoton da ya nuna saukar leɓatu. Aikin ya tafi lafiya, hoton bayan tiyata ya yi kyau, amma ciwon kan yana nan yadda yake, domin tun asali ciwon ɓarin kai ne, mai zuwa ta goshi da amai da ƙin haske, yana wuni guda. Ban saurari labarin ciwon da kyau ba, hoton ya ɗauke mini hankali. Yaron ya ɗauki haɗarin tiyata a banza, kuma har yau abin yana damuna. Tun daga nan nake ɓata lokaci mai tsawo a kan tambayar yadda ciwon yake kafin in ɗaga hoto.

Ga yadda nake yanke shawara in an haɗa waɗannan. In akwai kogo mai girma ko mai ƙaruwa, ko karkacewar baya tare da kogo, ko raunin hannu, ko matsalar haɗiya da numfashi, ina ba da shawarar tiyata ba tare da jan ƙafa ba, cikin makonni. In laka lafiya take, gwajin jiki lafiya, ciwon ƙeya ne kaɗai, to tambayar ta koma kan yadda ciwon ke cin rayuwarsa. Yaron da ya daina wasa, yake tsoron dariya, yake fashin makarantar boko da ta allo, ya cancanci tiyata, kuma irin wannan ciwon na tari shi ne ya fi jin tiyata a cikin dukkan alamomin. Wanda kuwa abin ke zuwar masa jefi-jefi yana ci gaba da harkarsa, ana iya binsa, a gan shi bayan wata shida, a maimaita hoto bayan shekara ko da zarar wani sabon abu ya ɓullo. Jira irin wannan jira ne da ido a buɗe, da ranar dawowa asibiti a rubuce.

Me ake yi a ɗakin tiyata

Ki gaya wa kakarsa wannan da bakina: ba a yanke ƙwaƙwalwa a jefar, ba a kuma tura ta sama da hannu. Ɗaki muke faɗaɗa mata. Bayan an sa yaro barci ana kwantar da shi rub da ciki, a aske ƙeya kaɗan, a tsaga fata a tsaye daga ƙasan tudun ƙeya zuwa saman wuya. Ana raba naman wuya ta tsakiya, inda jini bai da yawa. Sai a cire ɗan ƙashi daga gefen kafar ta baya, kamar santimita 3 a tsaye da 3 a kwance, galibi a haɗa da bayan ƙashin wuya na farko. A ƙarƙashinsa akwai wani zare mai tauri da ya ɗaure wurin kamar ɗamara, shi ma a yanke shi. Ba a mayar da ƙashin, naman wuya mai kauri ne ke rufe wurin. Ba a kuma cire ƙashi fiye da kima, domin in ramin ya yi faɗi ƙaramar ƙwaƙwalwar na iya zamewa cikinsa.

Daga nan ne likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suka rabu gida biyu. Ƙarƙashin ƙashi akwai tantani mai kauri da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da ruwanta, muna kiransa dura. Wasu suna tsayawa a kansa ba su buɗe ba. Wasu suna tsaga shi su yi masa faci, kamar yadda tela ke ƙara ƙyalle a rigar da ta matse, da fatar da ke manne da ƙashin kan yaron ko da ta roba. In an buɗe ana iya ganin leɓatun ido da ido, a warware duk wani tantani da ya toshe mafitar ruwa, wani lokaci a ɗan ƙona bakin leɓatun su motse. Wani nazari da ya tattara sakamakon yara a 2008 ya nuna ribar kowace hanya da hasararta. Waɗanda aka yi wa faci, kusan 2 cikin 100 ne suka bukaci a sake tiyata, waɗanda ba a buɗe ba kuwa kusan 13. Amma matsalar yoyon ruwa da makamantanta ta sami wajen 18 cikin 100 na masu faci, kusan 2 kacal a ɗaya ɓangaren.

Ni a aikina, in akwai kogo a laka ina buɗewa in yi faci, domin so nake in tabbatar ruwa ya sami hanya. In ciwon kai ne kaɗai kuma saukar ba ta yi nisa ba, nakan karkata ga tsayawa a ƙashi, musamman ga iyalin da za su koma gari mai nisa, inda in ruwa ya fara ɗiga daga ɗinki cikin dare ba za su iso da wuri ba. Inda akwai na'urar sikanin a ɗakin tiyata, ana ɗora ta a kan tantanin bayan an cire ƙashi a ga ko ruwa ya fara wucewa ta bayan leɓatun. Wani ƙwararren zai zaɓi daban da ni kuma ba laifi ya yi ba. Ki tambayi wanda zai yi aikin wace hanya zai bi da dalilinsa, haƙƙinki ne.

Haɗari akwai shi, ba zan ɓoye miki ba. Wanda ya fi yawa shi ne ruwa ya taru ƙarƙashin ɗinki ya yi kumburi, ko ya riƙa ɗigowa. Ƙwayoyin cuta na iya shiga su jawo sanƙarau, wani lokaci kuma zazzaɓi da ciwon kai su zo ba tare da ƙwayar cuta ba, jiki ne kawai ke faɗa da facin. Kaɗan daga cikin yara ruwa kan taru musu a kai bayan aiki. Akwai kuma 'yan ƙalilan da mahaɗar kai da wuyansu ba ta da ƙarfi tun asali, waɗanda sai an haɗa musu da ƙarfe, kuma ana gane su tun a hoto. Shanyewar jiki ko rasa rai suna iya faruwa, domin kusa da cibiyar numfashi ake aiki, amma abu ne mai wuyar aukuwa a hannun wanda ya saba.

Kwana biyun farko wuya yana ciwo sosai, yaro yakan yi amai, yakan ƙi juya kai. Wannan ba alamar aiki ya ɓaci ba ne. Yawanci ana sallama cikin mako guda, makaranta bayan 'yan makonni, wasan guje-guje sai likita ya ba da izini. Ciwon ƙeya na tari yakan tafi da wuri a mafi yawan yara. Kogo kuwa a hankali yake motsewa, cikin watanni, shi ya sa ba ma gaggawar maimaita hoto kafin wata uku zuwa shida, kuma ko bai ɓace gaba ɗaya ba, in ya ragu ya daina matse laka, bukata ta biya. Karkacewar baya in ƙarama ce kuma yaron bai kai shekara goma ba takan tsaya ko ta gyaru. Babba kuwa sau da yawa sai likitan ƙashi ya shigo daga baya.

Jariran da ake haifa da ƙullutu a baya

Wannan bai shafi ɗanki ba, amma wasu iyayen za su karanta. Jaririn da aka haifa da buɗaɗɗen ƙashin baya, laka a waje cikin ƙullutu, kusan dukkansu suna da nau'i na biyu, kuma mafi yawansu ruwa na taruwa musu a kai. A nan har tushen ƙwaƙwalwa ne ke sauka. Alamarsa mai ban tsoro ita ce numfashi mai ƙara kamar ana shaƙe shi, kuka mara sauti, shiɗewa, da nono na fitowa ta hanci. Wannan na gaggawa ne, a daren za a tafi asibiti. Abin da muke fara dubawa shi ne robar shant da aka sa masa don rage ruwan kai, domin sau da yawa ita ce ta toshe, da an gyara ta numfashin ya daidaita ba tare da an taɓa ƙeya ba. A Amurka, wani gwaji da aka wallafa a 2011 ya nuna in aka rufe bayan tun jariri yana ciki, kafin mako 26, saukar ƙwaƙwalwar na raguwa, kuma 40 cikin 100 ne suka bukaci roba maimakon 82. Wannan aiki sai manyan cibiyoyi ƙalilan a duniya. Abin da ke hannunmu ya fi shi araha nesa ba kusa ba: ƙwayar folik asid, maikurogiram 400 kullum. Bayan ɗan tayi yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, tun mace ba ta tabbatar tana da ciki ba, don haka wadda ta jira sai ta fara zuwa awo ta makara. Tun kafin ɗaukar ciki ake sha. Wadda ta taɓa haifar irin wannan jaririn kuma adadi mai yawa take bukata, likita zai rubuta mata, kuma gwajin da aka yi a 1991 ya nuna hakan na rage maimaituwar abin da kusan kashi 70 cikin 100.

Kafin ku koma asibiti

Akwai abu ɗaya da nake so ki riƙe da kyau saboda inda muke zaune. Lokacin zafi, daga ƙarshen hunturu zuwa saukar damina, sanƙarau yana yawo a yankinmu, kuma yaron da ya zo da zazzaɓi da ciwon wuya akan ɗebi ruwan bayansa da allura don gwaji. Ga mai irin lalurar ɗanki, ɗibar ruwa daga ƙasa na iya ƙara jawo leɓatun cikin kafar. Duk asibitin da kuka je, kafin a yi masa wannan allurar ki faɗa cewa yana da Kiyari, ki nuna takardar hoton. Ki ajiye hotonta a wayarki da ta mahaifinsa. Ana iya fara maganin sanƙarau ba tare da an ɗebi ruwan ba.

Kada a kai shi wurin mai ɗori a murɗa masa wuya, kada a yi masa ƙaho ko tsaga a ƙeya. A ɗauke masa ɗaukar jarka ko tire mai nauyi a ka. Kokawa da alkafura da sa wa ƙwallo kai, ni ina hana su ga yaron da ke da alamomi har sai an gama bincike, amma ban da wannan ki bar shi ya yi wasansa, ba ƙwai ba ne. In bayan gida na yi masa tauri a magance, a kuma kula da tarin da hazo ke kawowa, domin su ne ke tayar da ciwon. Farasitamol ba laifi, sai dai ciwon kan wuce kafin maganin ya fara aiki, don haka kada ya zama na kullum.

Game da kakarsa, kada ku yi jayayya da ita a gida. Tsoronta na ƙauna ne, kuma duk wanda ya ji an ce za a buɗe kan yaro dole gabansa ya faɗi. Ku zo da ita asibiti. Na sha zaunar da kakanni in nuna musu hoton, in ɗora yatsansu a ƙeyata su ji inda ƙashin yake, kuma mafi yawansu da suka fahimci ƙashi za a rage ba ƙwaƙwalwa ba, su ne ke fara cewa a yi. Addu'a da sadaka kuwa a ci gaba da su, ba su taɓa hana mu aiki ba.

Ban ga ɗanki ba, ban ga hotonsa ba, don haka ba zan iya yanke miki hukunci daga nan ba. A bisa abin da kika rubuta dai, ciwon nasa ya yi kama da na lalurar, amma ban ji alamar da ke sa a ruga ɗakin tiyata gobe ba. Kuna da sa'a kuna cikin gari, akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda mutane ke zuwa daga Kebbi da Zamfara har da Nijar. Ku nemi ganin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a can cikin makonni biyu masu zuwa, ku tafi da faifan hoton kansa ba takardar sakamako kaɗai ba, da ɗan littafin ciwon, ku kuma nemi a rubuta hoton laka. In kafin ranar ya fara ƙwarewa da abinci, ko muryarsa ta canza, ko numfashi na ɗauke masa a barci, ko hannu ko ƙafa ta yi rauni, ko ciwon kan ya ƙi sakinsa yana amai, kada ku jira ranar, ku wuce sashen gaggawa kai tsaye. Allah ya ba shi lafiya, Hajiya.